Waƙoƙin Kirsimeti a majami'un Arewacin Najeriya

Waƙoƙin Kirsimeti waƙoƙi ne da Kiristoci ke rerawa a watan Disamba domin tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, wadda ake bikinta ranar 25 ga wata. A yawancin majami'un Arewacin Najeriya da harshen Hausa ake yin su, ko da yake mafi yawan masu sujadar ba Hausawa ba ne. A jihohi irin su Filato da Kaduna da Adamawa da Gombe da Taraba, majami'a guda kan tara Berom da Angas da Bajju da Tangale da Bacama da wasu ƙabilu, Hausa kuwa ita ce harshen da kowa ke ji. Waƙoƙin sun kasu gida biyu: waɗanda aka fassara daga Turanci aka buga a littafi, da waɗanda 'yan ƙasa suka tsara da karin gargajiya.

Tarihi

Shigowar waƙoƙin coci cikin Hausa ta biyo bayan zuwan 'yan mishan. Ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) ta fara yunƙurin shiga Arewa a 1893, kuma daga aikinta ne ikilisiyar ECWA ta samu a 1954. Sudan United Mission ta sauka a Wase a 1904, ita ce tushen COCIN da wasu ikilisiyoyi. A Garkida kuwa, aikin da aka fara a 1923 shi ya haifar da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN). A ɓangaren Anglikan, Dakta Walter Miller ya yi aiki a birnin Zariya kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, kuma yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932.

Da yake harsunan yankin suna da yawa, 'yan mishan suka ɗauki Hausa a matsayin harshen koyarwa a makarantun Littafi Mai Tsarki da na horar da masu bishara. Suka fassara waƙoƙin da suka saba da su a Ingila da Amurka, aka tattara su a kundin da aka fi sani da Littafin Waƙoƙi. Har yanzu ana amfani da shi a majami'u da yawa, inda mai jagorar sujada zai ambaci lambar waƙa, jama'a su buɗe su miƙe tsaye. A farko mishan da dama sun hana kaɗa ganga da rawa a cikin majami'a, saboda suna danganta su da bautar gargajiya.

Waƙoƙin littafi da na gida

Waƙoƙin littafi sun riƙe karinsu na Turai, kalmomin kawai aka canza. Wannan ya zo da wata matsala. A Hausa tsawon wasali da hawa da saukar murya suna bambanta ma'ana: "gari" na zama daban yake da "gari" na tuwo, haka "kai" na jiki da "kai" na nuna mutum. Idan karin da aka tsara domin Turanci ya ja gaɓar da ya kamata ta gajarta, kalmar kan fita ba yadda ake faɗarta ba. Duk da haka tsofaffi da yawa sun haddace waɗannan waƙoƙi tun suna makarantar Lahadi, kuma a wurinsu Kirsimeti ba ta cika sai an rera su.

Waƙoƙin gida kuwa mata ne suka fi raya su, ta ƙungiyar Zumuntar Mata da ake samu a kusan kowace ikilisiya. Tsarinsu irin na waƙar daka da ta gona ne: mace ɗaya ta ba da waƙa, sauran su amsa. Kayan kiɗansu sun haɗa da tulun ƙasa da ake bugun bakinsa ya ba da amo mai zurfi, da caki, da kuge, da ƙananan ganguna. Galibi ba a rubuta waƙoƙin, a wurin koyo ake haddace su, kuma sukan yaɗu daga gari zuwa gari ta tarukan zumunta na gunduma. Da yake baitocin labarin Littafi Mai Tsarki ne kai tsaye, sun zama hanyar koyarwa ga waɗanda ba su yi karatu ba.

Ban da mata, akwai ƙungiyar mawaƙan majami'a mai rera waƙa da muryoyi huɗu, da 'yan Sabon Rai, da matasa masu jita da piyano da gangunan zamani.

Abin da waƙoƙin ke ɗauke da shi

Kusan duk waƙoƙin suna ɗebo labarinsu ne daga surori biyu na farko na Bisharar Luka da ta Matiyu. Suna ambaton saƙon mala'ika Jibra'ilu ga Maryamu, da tafiyarta da Yusufu zuwa Baitalami domin ƙidaya, da kwantar da jaririn a komin dabbobi saboda rashin masauki. Sai makiyayan da mala'iku suka yi wa albishir da dare, da masanan da suka bi tauraro daga gabas da kyautar zinariya da lubban da mur, da kuma ƙiyayyar sarki Hirudus. Da yake bikin yana zuwa bayan girbi kuma a ƙarshen shekara, waƙoƙin gida sukan ƙara da godiya saboda amfanin gona da ganin ƙarshen shekara lafiya.

Yadda ake gudanar da sujada

Shiri kan fara makonni kafin bikin, ƙungiyoyi suna taruwa da yamma domin koyon sababbin waƙoƙi. Majami'u da yawa suna ware dare ɗaya na waƙoƙi zalla. A na Anglikan da wasu ana bin tsarin karatu tara da waƙa a tsakaninsu, wanda aka fara a Truro ta Ingila a 1880. Yaran makarantar Lahadi sukan yi wasan kwaikwayon haihuwar, su kuma kawo ayoyin da suka haddace. Katolika suna da babbar sujada a daren jajibiri.

Ranar Kirsimeti ana buɗe sujada da addu'a da waƙar littafi, sai karatu, sai kowace ƙungiya ta fito da waƙarta kafin wa'azi. Lokacin baiko ne kiɗa ya fi tashi, domin layi-layi ake fitowa da rawa zuwa gaba. Mata kan sa anko, yara kuma sababbin kaya. Bayan an tashi ana kai wa maƙwabta shinkafa da nama da cincin, har da Musulmi, kamar yadda su ma suke aikowa da abincin Sallah. A ƙauyuka da dama ana ci gaba da kiɗa da rawa a fili har zuwa sabuwar shekara.

Matsalar tsaro da sauye-sauye

Rashin tsaro ya taɓa wannan al'ada. An tayar da bama-bamai a Jos a jajibirin Kirsimetin 2010, sannan ranar 25 ga Disamba 2011 aka kai hari cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla a Jihar Neja, inda mutane da dama suka mutu. A Disambar 2023 an kashe fiye da mutum 100 a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a daidai lokacin bikin. Saboda haka majami'u da yawa suka dawo da sujadar dare zuwa yamma, aka rage zagayen waƙa gida-gida, ana kuma binciken masu shiga.

Wani sauyin kuma na harshe ne da salo. A birane majami'u da dama sun raba sujada biyu, ta Hausa da ta Turanci, kuma matasa sun fi karkata ga ta Turanci da kiɗan zamani. A gefe guda, fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa ƙananan harsuna ta ƙarfafa wasu ikilisiyoyi su tsara waƙoƙi da harshensu na gado. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata kuwa yanzu suna ɗaukar waƙoƙinsu a faifai da bidiyo, ana sa su a gidajen rediyo, ana kuma tura su ta wayar hannu, abin da ya sa waƙoƙin da a da sai a baki suke yawo suka samu hanyar adanawa.