WA YA KAMATA YA RIƘE LABURAREN JIHA?

A waɗansu jihohin Amurka, idan ana so a sāke tsarin wata ma'aikata, akan kai maganar gaban jama'a su jefa ƙuri'a, ko da maganar laburare ce. Masu son a ba Majalisar Dokoki riƙon littattafan jiha suna da hujja babba: laburaren da ya fi kowane girma a ƙasarsu, wanda aka kafa a 1800 a birnin Washington, na Majalisa ne. Suka ce wanda ke yanka kuɗi ba ya barin nasa da yunwa.

To, mu nan ba a yi mana irin wannan ƙuri'a, amma tambayar ta shafe mu. Zamanin En'e, ɗakunan karatu na hannun En'e ne, daga Baitulmali ake biyan mai tsaronsu. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana aika musu da akwatunan littattafai. Jihar Gabas kuwa a 1955 ta yi doka, ta kafa hukuma ta musamman don laburare. A 1963 Mista F. A. Sharr, wani masani daga Ostareliya, ya rubuta rahoto a kan bukatun Arewa. Bayan an yanka jihohi a 1967, Kano ta bi hanyar kafa hukuma, watau Hukumar Laburare ta Jiha.

Shin da a ce yau za a tambayi mutanen Karaye da Rogo, me ya kamata su zaɓa? Su tuna abin da idonsu ya gani. A 2019 Majalisar Dokokin Kano ta yi doka aka kafa masarautar Karaye. A watan Mayu 2024 wata Majalisa ta rushe ta. A watan Yuli na shekarar aka maido ta da daraja ta biyu, ta ƙunshi Karaye da Rogo. Sarki goma, zamani goma. Abin da ke hannun 'yan siyasa kai tsaye, duk bayan zaɓe yana iya juyawa. Laburare kuwa kamar dashen itace ne, ba ya yin 'ya'ya in kullum ana tumɓuke shi.

Saboda haka aikin Majalisa shi ne ta yi doka, ta yanka kuɗi isassu, ta kuma tambayi inda aka kashe su. Zaɓen littattafai da ɗaukar ma'aikata a bar wa waɗanda suka koyi aikin.

Malaman makaranta da akawuna, ku ne kuka fi kowa sanin amfanin wannan. Ɗan birni in ya rasa littafi nan, ya samu can. Yaron ƙauyen Rogo fa, ina zai nufa? In wakilinku ya zo gida, kada ku tsaya kan hanya da rijiya kaɗai. Ku tambaye shi nawa aka yanka wa littattafai bana, nawa kuma suka iso yammacin Kano.