Wa zai kauce idan jiragen fito biyu suka haɗu?

Da rani, Gulbin Gagare da ya ratsa ƙasar Kaura Namoda da Gulbin Bunsuru da ya biyo ta Zurmi kusan yashi ne zalla, yaro ma da ƙafa yake hayewa. Da damina ta kankama sai su cika su batse suna kwarara zuwa Gulbin Rima, manoman Katuru da ƙauyukan Shinkafi da yawa kuwa ba su kaiwa gona ko kasuwa sai da mai fito. Amma cikar gulbi ba ta nufin hanya ta yi faɗi. Inda ruwa ke da zurfin ɗaukar kwale-kwale mai kaya siriri ne, tsakanin tudun yashi da gaɓar da ruwa ke zaizaya, kuma nan kowa yake so ya bi.

Duniya ta daɗe da tsara wannan. Dokokin hana karon jiragen ruwa na 1972, da suka fara aiki a 1977, sun ce a matsattsiyar hanya kowane jirgi ya riƙe damansa. In an yi gaba da gaba, kowa ya karkata dama. Mai son wuce na gabansa, shi ne da alhakin kaucewa har ya wuce sarai. In an tunkari kwana inda ba a hango mai zuwa, a busa ƙaho mai tsawo sau ɗaya. An rubuta su ne domin jiragen teku, amma hikimarsu ta dace da gulbinmu. Inda babu ƙaho, kira da babbar murya ya wadatar.

Ƙa'idar da ta fi damuna ita ce ta mai gangara da mai hawa. A kogunan Misisifi na Amurka da Rayin na Turai, jirgin da ke bin ruwa ake bai wa hanya. Dalili a fili yake. Mai gangara ruwa ke tura shi, ko ya daina tuƙi ba zai tsaya ba, juya kan jirgi ma wuya yake masa. Mai hawa kuwa yana iya kafa gora ya dakata a gefe. Wanda ke da ikon tsayawa, shi ya kamata ya tsaya, ko da ya girmi wancan, ko da jirginsa ya fi girma.

Haka mai inji. Igiyar ruwan da yake bari a bayansa ta isa ta cika ƙaramin kwale-kwale, musamman wanda lodi ya danne har bakinsa ya kusa taɓa ruwa. Mun ga abin da ya faru a Gummi a Satumban 2024, inda jirgin da ke kai manoma gona ya kife, aka yi asarar rayuka masu yawa. Rage wuta a kusa da mai tuƙin hannu haƙƙi ne a kan mai inji.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya, sai dai jami'anta ba za su tsaya a kowane mashigi ba. Sarkin ruwa kuwa yana nan, matuƙa kuma suna jin maganarsa. Ina roƙon hakimai da sarakunan ruwa na wannan yanki su tara masu fito tun kafin ruwa ya zo, a tsayar da waɗannan ƙa'idoji, kowa ya ji da kunnensa.