Yadda Kakakin Turawa Ya Koyi Zama da Masu Goge

 Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai busa begila ranar fareti ya san ba a hira a wurin. Ƙararta kan cika fili, har na bayan katanga ya ji. To, a ce an ɗauko ɗan'uwan begila, wato kakakin Turawa, an shigar da shi ɗaki, an ajiye shi gaban masu goge goma sha biyar ko ashirin, aka ce su yi kiɗa tare ba tare da ya danne su ba. Zai yiwu? Makaɗan Turai sun fi shekara 350 suna wannan aiki, kuma labarin yadda suka yi shi ya haɗa tarihi da darasinmu na Fiziks.

Kayan kiɗan da ke fage

Kakakin Turawa bututu ne na tagulla da aka lanƙwasa domin ya riƙu a hannu, ƙarshensa da faɗi kamar mazurari. Mutum ɗaya ne ke busa shi a irin wannan kiɗa.

Masu goge kuwa ƙungiya ce. Gogenmu tsirkiya ɗaya gare shi, nasu huɗu-huɗu, amma duka da baka mai izgar doki ake goga su. Iri huɗu ne: bayolin, ƙaraminsu mai siririyar murya, biyola, wadda ta ɗan fi shi girma da kaurin murya, celo, wanda ake zama a riƙe shi tsakanin gwiwoyi, sai babbansu, bes, wanda ya kai tsawon mutum.

Kiɗan da ake rubutawa domin makaɗi ɗaya da ƙungiya sunansa koncerto, kalmar Italiyanci ce. Ya yi kama da mawaƙi da 'yan amshinsa, sai dai a nan 'yan amshin ma suna da tasu maganar. Yawanci kashi uku ne: na farko mai sauri, na tsakiya a hankali, na ƙarshe mai sauri.

Matakalar da ba ta cika ba

Kakakin da Turawa ke busawa a ƙarni na 17 ba shi da rami, ba shi da maɓalli. Bututu ne kawai, tsawonsa ya fi mita 2 idan aka miƙe shi. Mai busa yakan matse leɓɓansa su riƙa kaɗawa, iskar da ke cikin bututun ita ma ta kama kaɗawa. Amma iskar ba ta karɓar kowane sauti. Tana da waɗanda ta yarda da su, kuma lissafi ne ke zaɓa mata.

Ga misali. Idan sauti mafi ƙasa na bututu yana kaɗawa sau 100 a sakan ɗaya, sauran da zai bayar su ne 200, 300, 400, 500, haka har sama. Kunne kuma ninki yake aunawa. Daga 100 zuwa 200 an ninka sau biyu, tsalle ne babba. Daga 800 zuwa 900 kuwa kashi ɗaya cikin takwas kaɗai aka ƙara, taki ne ƙarami. Saboda haka sautukan kakaki kamar tsani ne wanda matakansa na ƙasa suka yi nisa da juna, na sama kuma suka matsu. A ƙasa ba a samun komai sai do, so, do, mi, so. Shi ya sa busar begila ba ta wuce sauti biyar ko makamancin haka. Sai an hau mataki na takwas sannan ake samun do, re, mi a jere, waɗanda za a iya rera waƙa da su.

Hawa can kuwa wahala ce. Leɓe yana gajiya, numfashi yana ƙarewa, kuskure kaɗan sai a faɗa kan matakin da ke kusa, kowa ya ji. Mataki na 11 da na 13 ma ba su zauna daidai ba, sai mai busa ya gyara su da leɓensa. Turawa suna kiran wannan busa ta sama kilarino.

Abin busa na fada

Kafin ya shiga cikin masu goge, aikin kakaki a Turai yaƙi ne da sarauta. A shekarar 1623 sarki Ferdinand na Biyu, mai mulkin daular da ta haɗa ƙasashen Jamus, ya ba masu busa kakaki da masu tambura takardar gata, wadda ta kafa ƙa'idar wanda zai koyi sana'ar da inda za a busa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin kakakinmu ma ba a busa wa kowa sai sarki, kuma littafin tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa ya fara. Shi ma bututu ne zalla, shi ya sa sautukansa ba su da yawa.

Abin da ya faru a Bologna

A birnin Bologna na Italiya akwai wata katafariyar majami'a mai suna San Petronio, wadda aka fara ginawa a 1390. Tana da makaɗanta masu albashi, kuma kowace ranar 4 ga Oktoba akan yi babban biki a ƙaro wasu daga waje. Ginin yana da girma ƙwarai, ana bukatar muryar da za ta ratsa shi daga farko har ƙarshe. A 1665 shugaban makaɗan wurin, Maurizio Cazzati, ya buga littafin kiɗa wanda a cikinsa akwai guda uku na kakaki da masu goge. Suna cikin na farko-farko da aka buga a irin wannan fanni.

Wanda ya ɗaukaka abin shi ne Giuseppe Torelli, wanda aka haifa a Verona a 1658, ya rasu a Bologna a 1709. Shi mai goge ne, ba mai busa ba, amma ya rubuta kiɗa fiye da 30 masu kakaki. Dabararsa ita ce rabon aiki bisa abin da kowa ya iya. Kakaki ya faɗi gajeriyar magana a sama, masu bayolin su maimaita ta ko su ƙarasa ta, mai busa ya samu ya numfasa. A kashin tsakiya kuwa sau da yawa kakakin shiru yake yi ɗungurum, domin leɓe ya huta, kuma domin kiɗan ya ratsa sautukan da bututun ba shi da su.

Idan kuka duba sunayen irin waɗannan kiɗa za ku ga harafin D yana yawan fitowa. Dalili biyu ne. Yawancin kakakin zamanin an auna tsawonsu ne su ba da matakalar da ke farawa daga sautin D. Sannan tsirkiyoyin bayolin huɗu su ne G, D, A da E, don haka a wannan matakala yana amo sosai. A nan ne mai ƙara da marasa ƙara suka sami wurin haɗuwa.

Salon ya bazu. Henry Purcell ya rubuta irinsa a Ingila, Georg Philipp Telemann ya rubuta a Jamus. Johann Sebastian Bach ya sa kakaki cikin na biyu daga koncerto shida da ya sadaukar wa wani basarake na Brandenburg a 1721, kuma har yau masu busa na jin tsoron tsayinsa. Kashin farko na wannan kiɗa yana cikin faifan zinariya da Amurka ta liƙa wa kumbunan Voyager biyu a 1977.

Ramuka, sannan bawul

Bayan 1750 yayi ya sauya, gwanayen busar sama suka yi ƙaranci, kakaki ya koma bayan fage yana ƙara wa kiɗa ƙarfi kawai. Sai wani mai busa a fadar Vienna, Anton Weidinger, ya huda ramuka a jikin nasa, ya sa musu marufai da ake dannawa da yatsa. Buɗe rami na rage tsawon iskar da ke kaɗawa, sai a sami sautukan da suka ɓace. Joseph Haydn ya rubuta masa koncerto a 1796, aka fara busa shi a bainar jama'a a 1800. Ƙungiyar da ke rakiya a nan ta haɗa da wasu kayan busa da tambura, ba masu goge kaɗai ba, amma kiɗan ya buɗe sabuwar ƙofa: mutane sun ji kakaki yana rera sautuka a jere a ƙasan tsani. Aibin ramukan shi ne suna dusashe muryar.

Maganin dindindin ya zo daga Jamus. A 1818 Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel suka yi rajistar bawul. Danna bawul na karkatar da iska ta bi wani ɗan ƙarin bututu, tsawo ya ƙaru, sauti ya sauka. Kakakin yau bawul uku gare shi: na biyu na saukar da rabin taki, na farko taki ɗaya, na uku taki ɗaya da rabi. Idan aka haɗa su ta hanyoyi daban-daban ana samun tsawo iri bakwai, kamar kakaki bakwai a hannu ɗaya. Giɓin tsanin ya cike.

Da ya sami dukkan sautuka

Abin mamaki, da kakaki ya sami ikon faɗin komai, wasu marubuta kiɗa na ƙarni na 20 sai suka sa shi ya sassauta murya. Aaron Copland na Amurka ya tsara Quiet City a 1940, domin kakaki da wani abin busa dangin algaita da masu goge, yana kwatanta birni da dare da kaɗaicin mutanensa. Alan Hovhaness, Ba'amurke ɗan asalin Armeniya, ya rubuta Prayer of Saint Gregory a 1946, kimanin minti biyar, inda masu goge ke tafiya a hankali, kakaki na bisansu kamar muryar mai addu'a. A Rasha kuma Dmitri Shostakovich ya haɗa piyano da kakaki da masu goge a 1933, kakakin na ta tsokanar piyanon.

Tsofaffin kiɗan su ma sun dawo. Cikin waɗanda suka farfaɗo da su akwai Maurice André na Faransa, wanda ya rayu daga 1933 zuwa 2012. Yana yaro ya yi aiki a ramin haƙar kwal, daga baya ya shahara da ƙaramin kakaki mai siririyar murya wanda ke sauƙaƙa hawa sama.

In za ku saurara

Idan aka yi hutu kuka sami waya, ku nemi sunan Torelli ko Telemann tare da harafin D. Ku lura da abu uku: wa ya fara magana, wa ya amsa; ina kakakin yake yin shiru; me masu goge ke yi a lokacin. Daga nan ku saurari na Hovhaness ku gwada bambancin da bawul ya kawo.

Wanda kuma ke son gani da idonsa, ya samo tiyo mai tsabta kamar mita 2, ya cusa mazurari a ƙarshensa, ya matse leɓe ya busa ta ɗaya bakin. Idan ya ƙara matsewa zai ji sautin ya yi tsalle zuwa mataki na gaba, ba zai tsaya a tsakiya ba. Ku ƙirga matakai nawa kuka iya hawa, ku rubuto mana, za mu liƙa sakamakon a fitowa ta gaba. Sai dai don Allah a gwada a filin wasa, kada a yi a lokacin karatun dare.