Sa'o'in farko na 'ya'yan kifi: na'urorin da ke rage asara a Kura da Bunkure

A yankin noman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai zuwa gonakin shinkafa da tumatir, wasu manoma sun haɗa da kiwon tarwada. 'Ya'yan kifin kan iso cikin jarka ko leda bayan doguwar tafiya, wani lokaci tun daga Ibadan. Mai gaggawa sai ya juye su cikin tanki nan take, washegari ya tarar da jarinsa na yawo a saman ruwa.

Zafin jikin kifi yana bin na ruwan da yake ciki. Tarwada ta fi samun lafiya tsakanin digiri 26 da 30, amma da asubar hunturu ruwan tanki kan sauka ƙasa da haka. Ma'aunin zafi na dijital zai nuna bambancin. Idan ya wuce digiri 2, sai a ɗora ledar a rufe bisa ruwan tankin na minti 20 zuwa 30.

Na'ura ta biyu ita ce ma'aunin pH, mai kama da biro, wanda ke auna tsamin ruwa. A cikin leda rufaffiya, numfashin kifi yana saukar da pH, hakan kuma yana rage dafin amoniyar da ke fita daga jikinsu. Da an buɗe, pH ya hau, dafin ya ƙaru. Saboda haka ba a barin su jira a ciki, ba a kuma zuba ruwan tafiyar cikin tanki.

Sai killacewa. Sababbin kifi suna zama a tankinsu daban na mako 2 zuwa 4, da ragarsu da bokitinsu. Cutar TiLV mai kashe karfasa, wadda aka fara bayyanawa a Isra'ila a 2014, ta bazu ƙasashe da dama, har hukumar FAO ta yi gargaɗi a 2017. Safarar kifi mai rai na cikin hanyoyin yaɗuwarta.

Mai ɗan sanin haɗa na'urori zai iya jona ma'aunin DS18B20 da allon ESP32 da ƙaramin faifan sola, ya riƙa samun zafin tankin a wayarsa cikin dare. Sai dai waɗannan na'urori ba sa gane maganin feshin da ya gangaro daga gona. Wanda ke ɗibar ruwan magudana, gara ya fara gwada shi da kifi kaɗan.