Neman digiri na biyu: A bayyana darasin da aka faɗi ko a ɓoye shi?

Ga matasan Balan da sauran garuruwan Gaya da Ajingi da suka kammala jami'a da bautar ƙasa, abin da ke gaba shi ne neman gurbin digiri na biyu, walau a Jami'ar Bayero ko a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, makwabciyarsu.

Sai dai akwai tambayar da ke hana wasu barci lokacin cike fom: wani darasi da suka ɗauka a lokacin dogon hutu, sakamakonsa bai yi kyau ba. Shin dole ne a ambace shi?

Ya danganta da inda aka yi darasin

Idan a jami'ar da ɗalibi ya yi digirinsa ne ya ɗauki darasin, alal misali don gyara wanda ya faɗi a baya, to babu zaɓi. Makin yana cikin kundin sakamakonsa na shekara-shekara, kuma a bisa al'ada jami'a ce ke aika wa jami'a wannan kundi kai tsaye, ba ya bi ta hannun ɗalibi.

Inda ake samun ruɗani shi ne idan a wata makarantar daban aka yi shi. A nan fom ɗin ne alƙali. Idan ya ce a lissafo duk manyan makarantun da aka halarta, tsallake ɗaya ɓoye gaskiya ne, kuma mai nema kan sa hannu a ƙarshe cewa duk abin da ya rubuta daidai ne. Jami'o'in Amurka galibi suna neman sakamako daga kowace babbar makaranta da mutum ya taɓa shiga, ko da darasi ɗaya ya yi.

Amma bitar 'yan kwanaki ta koyon kwamfuta, wadda ba a ba da maki a cikinta, ba ta shiga wannan lissafi.

Nawa ne asarar?

A tsarin maki 5 da akasarin jami'o'in Najeriya ke bi, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50, ƙaramar kuma daga 2.40. Yawancin jami'o'i na karɓar mai ƙaramar daraja ta biyu, yayin da mai daraja ta uku ko mai babbar difiloma kan fara da difilomar gaba da digiri.

A ɗauki ɗalibin da ke da 3.60 a kan darussa masu nauyin 150. Idan aka ƙara masa faɗuwa a darasi mai nauyin 3, makinsa zai koma 3.53. Ya ragu, amma bai fita daga ajinsa ba. Wanda ke gaɓar iyaka ne kaɗai zai ji a jikinsa.

Abin da ɓoyewa ke jawowa

Jami'a na da ikon janye gurbi, ko ƙwace shaidar da ta riga ta bayar, idan ta gano an ba ta bayanin ƙarya. Bincike ma ya ƙara tsanani tun watan Janairun 2024, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da amincewa da digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida.

Mutanen Kano kuma ba su manta da Salisu Buhari ba, wanda ya sauka daga shugabancin Majalisar Wakilai a 1999 kan iƙirarin karatu a Jami'ar Toronto. Laifinsa ya fi ɓoye maki ɗaya girma nesa ba kusa ba, amma darasin ɗaya ne: ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mafita

Abu na farko, ɗalibi ya nemi kwafin sakamakonsa ya ga abin da ke ciki kafin ya cike fom. Idan tambayar fom ɗin ta shige masa duhu, ya tuntuɓi makarantar karatun gaba da digiri a rubuce, ya adana amsar.

Idan an ba da damar yin bayani, layi biyu sun isa. Dogon hutu yakan faɗo cikin damina, kuma ɗan manomi da ya raba lokacinsa tsakanin gona da aji yana da hujjar da malamai za su fahimta, musamman idan ya sake darasin ya ci.