Masu Muƙamai a Majalisar Dokoki ta Ƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ya san kowa da wurin zamansa. Ƙaura da nasa, Galadima da nasa, Durɓi da 'Yanɗaka da nasu. Haka ma Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Yamai ta kasance da nata tsari kafin juyin mulkin 2023. Ya kamata manomin Madarumfa da makiyayin Gabi su san shi, don a da a can ne ake yanke maganar kuɗin ƙasa.

Idan an gama zaɓe, ranar zaman farko babu shugaba tukuna. Sai depite wanda ya fi kowa shekaru ya hau kujera, biyu mafi ƙuruciya su zauna gefensa suna rubutu. Aikinsu ɗaya ne: su jagoranci zaɓen shugaban majalisa. Da an zaɓe shi, sai su sauka.

Shugaban majalisa shi ke buɗe zama, shi ke rufewa, shi ke ba kowa magana. Tsarin mulki na 2010 ya ce sai ya rantse da littafin addininsa gaban Kotun Tsarin Mulki kafin ya kama aiki. Ya kuma ce idan shugaban ƙasa ya rasu ko ya sauka, shi zai riƙe ƙasa har a yi sabon zaɓe. Bubu Hama ya riƙe wannan kujera daga 1958 zuwa 1974. Mahaman Usman ya riƙe ta daga 1999 zuwa 2009, Hama Amadu daga 2011 zuwa 2014.

Bayan shugaba akwai mataimaka, masu zama kujerar idan ba ya nan. Akwai magatakardan majalisa, su ma depitoci ne, masu ƙidayar ƙuri'a da duba rubutun abin da aka faɗa. Akwai kuma ma'aji, wanda ake kira kestar. Kuɗin majalisa a hannunsa suke: albashi, motoci, gyaran gini. Doka ta ce a raba waɗannan muƙamai har da 'yan adawa, don kada ɓangare ɗaya ya tsare rumbu shi kaɗai.

A ranar babban taro, depite yana rataya ɗamara mai launin tutar ƙasa: ruwan lemo, fari da tsanwa. A Nijeriya kuwa, alamarsu sanda ce, wadda dogarin majalisa ke ɗauka gaban shugaba. In babu ita, babu zama. Shi ya sa aka yi babban rikici a Abuja cikin 2018, da wasu suka shiga Majalisar Dattawa suka ɗauke ta.

Mene ne ruwan talaka da wannan? A ƙarƙashin tsarin 2010, majalisa tana manyan zama biyu a shekara, na watan Maris da na watan Oktoba. Na Oktoba, lokacin da hatsi ke shiga rumbu, shi ne zaman kasafin kuɗi. A nan ake duba abin da za a kashe wa rijiyoyi, da likita, da lakkol, da allurar dabbobi, da gonakin rani irin na Jiratawa. In shugaba ya hana wakili magana, ya hana garinsa magana. In magatakarda ya ƙidaya hannu ba daidai ba, doka ta karkace.

A watan Yuli na 2023 sojoji suka karɓi mulki, majalisar da Seini Umaru ke shugabanta ta daina aiki. A 2025 aka kafa majalisar ba da shawara, wadda naɗa wakilanta aka yi, ba zaɓe ba.

Amma sanin tsarin bai ɓaci ba. A taron ƙungiyar manoma ta Dan Isa ko Safo ma akwai shugaba, da marubuci, da ma'aji. Wanda ya iya karatu yana iya cewa a buɗe littafi a karanta masa abin da aka rubuta. Wanda ya saba da wannan a garinsu, ba zai ji nauyin tambayar wakilinsa ba.