Kafin ka ƙara ɗaki, duba hanyar ruwa

Iyali sun ƙaru ko yaro zai yi aure, sai a ce a tayar da ɗaki a tsakar gida. Yawancinmu da sayen siminti muke farawa, alhali ba nan ne farko ba. Ka tsaya ranar da aka yi ruwan sama, ka ga inda ruwa ke bi ya fita. Ɗakin da ya tare wannan hanya zai mayar da ruwan gindin tsohon bango, in kuwa na laka ne, ba zai daɗe ba.

Sabon ɗaki ya sami harsashinsa, kada a ɗora nauyin rufi kan tsohon gini. Sabon gini yakan ɗan zauna, tsagewa kuma daga mahaɗa take farawa. Daɓe ya fi tsakar gida tudu, indararo kuma kada ya zuba gidan maƙwabci. Taga ta dubi arewa ko kudu. Ta yamma zafi take kwasowa.

Ɗaki mai mita 4 kan 4, bango uku masu tsayin mita 3, yana cin bulo kusan 450 na santimita 40 kan 20. A birni, nemi izinin gini a ma'aikatar magajin gari kafin magini ya fara haƙa.